Kafin Ka Kai Inna Birni

Madadi, ta Gwarzo,
Ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta, yaya sabon wurin aiki da mutanen da ka tarar? Allah ya sa ka shiga a sa'a, ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya tsare ka a fitarka da shigarka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, tunda tana ba ka shi a waya safe da yamma, har da na tunkiyar da ta haihu.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke danna waya. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ido da ido ba. Kai ne na fari, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, in na fara yi maka magana sai bakina ya yi nauyi, in ɓuge da tambayarka ko ka ci abinci. A takarda kuwa tsohon hedimasta ba ya jin nauyin kowa. Shi ya sa na zauna a zaure na cika shafukan nan, zan ba direban motar Gwarzo ya miƙa maka a Kabuga.

Ranar da za ka tafi ka nuna mini tsarin da ka yi a wayarka, na yadda za ka zo ka ɗauki kakarka Inna ka zaga da ita birnin Kano daga Juma'a zuwa Lahadi. Sallar Juma'a a babban masallacin cikin gari, Asabar Dutsen Dala da ganuwa da gidan kayan tarihi da marinar Ƙofar Mata, Lahadi Kasuwar Kurmi, kowanne da ƙarfe nawa za a shiga da ƙarfe nawa za a fita. Na ce maka madalla, kuma har zuciyata na ji daɗi, domin ba kowane yaro ne zai sami aiki ya fara tunawa da tsohuwa ba. Amma da na koma ɗaki sai na sake tunani. Wannan tsari naka na san shi. Ni na fara rubuta irinsa da jan biro shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na kai Inna birni na dawo da ita ina ta yabon kaina, alhali wuri ɗaya tak take son zuwa, kuma ban kai ta ba. Yanzu ta haura tamanin, gwiwa ta fara yi mata gardama. In wannan karon ma aka zaga da ita aka tsallake wurin nan, ban ga alamar za a sami karo na uku ba. Saboda haka gyara zama ka ji irin wautar da ubanka ya tafka.

Ta farko, na ɗauke ta ni kaɗai. Shekarar da na ajiye aikin koyarwa a Kabo ce, ina jin kaina a sama, na ce bari in yi wa Inna abin da ba a taɓa yi mata ba. Gwoggonka Talatu, autarmu, ta ce za ta bi mu. Na ce mata a'a, wannan tafiya ta uwa da ɗanta ce. Ta dube ni ta yi dariya, ta koma kan tankaɗenta. Ban gane dariyar nan ba sai da muka wuce Rimin Gado. Ka dai san Inna. Ni ne ɗanta na fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta ce yi mini kaza ba. In tana son in gyara mata danga, Talatu take gaya wa. In babu Talatu, sai ta gaya wa kajinta da ƙarfi yadda zan ji, cewa dangar nan dai ta kwanta, ko masu makaranta ba sa gani. To a cikin mota babu Talatu, babu kaji. Rana ta yi ta dukan Inna ta taga, ta daure har ta gaji, sannan ta taɓa wata mata da ke zaune gefenta wadda ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Baiwar Allah, ce wa Hedimasta ana son a sauya wuri." Matar ta yi ta waige-waige tana neman hedimasta, ga ni nan kafaɗata na gugar ta Inna. Duk motar aka yi dariya, har da ni. Amma ka lura, da matar nan ta sauka, Inna ba ta da sauran bakin da za ta yi magana da shi har kwana biyu.

Kai ka fi ni sa'a. Kai jika ne, angonta ne, ko maigidanta, kamar yadda take kiranka. Za ta zage ka, ta ce ba ka iya cefane ba, ta sa ka saya mata tsire. Kada ka je mata da fuskar ma'aikaci. Ka bar wannan fuskar a ofis, ka tsokane ta kamar yadda ka saba tun kana rarrafe a ɗakinta, domin a cikin wasan nan ne take faɗin gaskiyar abin da ke ranta. Duk da haka ka tafi da Gwoggonka Talatu. Akwai abubuwan da tsohuwa ba ta gaya wa ko ango, kamar neman wurin kama ruwa.

Wauta ta biyu ma tun a ƙofar gida na yi ta, kafin mu kai tasha. Inna ta fito da sassafe da ƙulli a ka. Na sa Talatu ta kwance in gani: daddawa, garin kuka, kwalbar man shanu, surfaffen gero a ƙwarya, da turmin atamfa da na san ya daɗe a ƙasan akwatinta. Na ce wa Talatu ta gaya mata kallo za mu, ba biki ba, wa zai hau Dala da wannan kaya? Inna ta sake ɗaure kayanta. Ta juya ta mayar da ƙullin ɗaki, ta fito da carbinta kawai. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, na kasa haɗa ɗaya da ɗaya. Wa yake kai wa dutse man shanu? Duk wanda ka ga ya ɗaura tsaraba, akwai ƙofar da yake nufin yin sallama. Don haka duk abin da ta fito da shi ranar Juma'a, ko da zakara ne mai cara, ka karɓa da hannu biyu ka nema masa wuri a mota, kada ka tambaye ta na wane ne.

Sai maganar masallaci. Mun isa a makare saboda na tsaya a Kabuga ina gardama da mai mota kan hanyar da ta fi kusa. Na kai ta ɓangaren mata da sauri na juya, ban ce mata ga inda za mu haɗu ba. Da aka sallame, jama'a ta ɓarke kamar an buɗe dam, na yi ta zagaye ina leƙa fuskar kowace tsohuwa mai farin mayafi, har wata ta tambaye ni ko lafiya. Da ƙyar na hango ta a inuwa, zaune cikin wasu tsofaffi 'yan birni, ta saki jiki tana yi musu tambaya, ɗaya tana nuna mata wani waje da hannu. Me ubanka ya yi? Ya ɗaga agogo ya ce an ci mana minti arba'in. Nan take ta miƙe, hirar ta mutu. Sai daga baya na san kwatance take nema.

Ku isa da wuri. Ka riƙe mata darduma da buta da ruwan sha. Ku tsayar da wuri ɗaya da za ku haɗu, wanda ba ya motsi, kada ka ce kusa da mai lemo, domin mai lemo yana da ƙafa. In an idar, ka bar ta ta gama lazuminta da addu'o'inta, ta gaisa da duk wadda take so. Gaisuwar tsofaffi ba a yi mata ƙararrawa kamar darasin aji uku. Kai ma ka zauna ka yi taka addu'ar, ba kullum mutum ke samun kansa a sahu irin wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Dutsen Dala. Na sa gidan kayan tarihi da safe, saboda haka ba mu isa gindin dutsen ba sai da rana ta take. Inna ta dubi matakalar nan, ta dubi ƙasa, ta ɗaura mayafinta a ƙugu ta fara hawa. Sau uku tana zama ta huta. Na yi mamakin ƙoƙarinta, na ce a raina ashe Inna na son tarihi haka. Da muka kai sama na buɗe baki kamar ina gaban allo. Ga ganuwa can, ga Goron Dutse, ga hasumiyar masallacin da muka yi salla jiya, ga inda mutanen farko suka zauna. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Da na waiwaya sai na ga ta ba ni baya, tana can gefe guda tana kallon rufin gidajen da ke ƙasa, dab da gindin dutsen. Ta daɗe a tsaye. Can sai ta ce, ba da ni ba, da iska take, "Ko ta ina ake shiga unguwar nan ta ƙasa?" Ni kuwa na amsa da ƙwarewata na ce ai nan babu wani tarihi, lunguna ne kawai da kwatoci, mu sauka kada marina ta tashi.

Abba, ban taɓa ba da amsar da ta kai wannan muni ba, ko a jarrabawa. In ka kai mutum kallo, ka rage baki ka ƙara ido. Ka dubi inda yake duba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in fuskar ta juya maka baya, ka tambayi inda ta juya. Kuma wannan karon kada ka bar ta ta hau. Gwiwarta ba ta da wannan ƙarfin yanzu, abin da ya sa ta hau a da ma ba a saman yake ba. In kai kana son hawa, ka je wata Asabar ɗin da sanyin safiya tare da abokanka.

A marina dai Allah ya rama mata. Na tsuguna a bakin karofi, wato ramin rini, ina yi mata bayanin yadda ake haɗa baban rini da toka, ina nuni da hannu, ga wani dattijon marini yana tsoma zane yana saurarena. Da na gama ya ce Malam ya yi ƙoƙari, saura kaɗan ya faɗi daidai. Sannan ya nuna mini hannun farar rigata, wanda tun ɗazu yake jiƙe a cikin karofin ban sani ba. Na ɗago shi shuɗi har gwiwar hannu. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Rigar tana nan, mahaifiyarka ta ƙi yarda a yar, wai ita ce takardar shaidar da na samo a birni. In kun je wurin masu sana'a, ka fara yin sallama ka gaishe su da aiki, ka bar su su yi bayanin abinsu da bakinsu. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki mutum hoto sai ka nemi izininsa. A Kurmi kuma kada ka sa baki in Inna na ciniki. Za ka ɓata mata wasa ne kawai, kuma ta fi ka iyawa nesa ba kusa ba.

Haka muka dawo Madadi ranar Lahadi da yamma. Na yi wata guda ina ba da labari a majalisa, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya hau Dala da kunnensa. Inna kuwa da aka tambaye ta yaya birni, sai ta ce birni yana nan.

Sai bana, bayan an gama girbi, muna zaune ni da Talatu tana ɓarar gyaɗa, na sake ɗauko labarin. Ta ajiye faifan ta ce, "Yaya, wai har yau ba ka san abin da ka yi ba?" Sannan ta warware mini. Inna tana da ƙawa, Dije, 'yar Mainika, tare suka tashi tun suna tallar fura. Aure ya kai Dije birni, gidan yana gindin Dala. Lokacin da mahaifina ya rasu kana ƙarami, Dije ta zo ta kwana bakwai a ɗakin Inna, ita ke dafa mata abinci, ita ke karɓar masu gaisuwa. Ni ma na tuna da ita da Talatu ta faɗa, wata doguwar mata mai yawan dariya. To ashe watanni kaɗan kafin tafiyarmu mijin Dije ya rasu, Inna ba ta sami zuwa ba saboda ciwon da ta yi a damina. Da na ce zan kai ta birni sai ta ɗauka Allah ne ya kawo mata hanya. Ƙullin nan na gaisuwar Dije ne. Ba za ta iya buɗe baki ta roƙi ɗan fari ba, ta yi ta yi mini hannunka mai sanda, ni kuma ina duban agogo.

Abin bai tsaya nan ba. Wani ɗan Mainika ya gan mu a Kurmi, ya kai wa Dije labari cewa ga ƙawarki can tana yawon kallo. Inna ta ji cewa labarin ya kai. Tun daga ranar kunya ta rufe ta. Ta shiga birni, ta tsaya a kan rufin ƙawarta, ba ta yi sallama ba, da wane ido za ta koma? Kowace shekara kunyar tana ƙara nauyi, har ta hana a ambaci sunan Dije a gabanta. Na tambayi Talatu me ya hana ta gaya mini tun tuni. Ta ce Inna ce ta hana, wai kada a ɓata wa Hedimasta tafiyarsa, ya yi don Allah. Wannan magana ta fi duka zafi a wurina. Na tashi na shiga gona, ba don akwai aikin yi ba.

Watan jiya na je birni ban gaya wa kowa ba, na yi ta tambaya har na sami gidan. In ka tsaya a gindin matakalar Dala ka bi hagu, ka wuce masu gyaran keke, akwai lungu na biyu, gidan da ke da durumi a ƙofa. Talatu ma na yi mata kwatance. Dije tana da rai. Idonta ya tafi, amma kunne da baki suna nan garau. Da na faɗi ko ni wane ne, ta kira sunan Inna na yanka, wanda ni ba zan rubuta ba, ta yi dariya har da tari. Na ba ta haƙuri, na gaya mata laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Ta ce ita ba ta taɓa riƙe ƙawarta a zuci ba, ta san halinta, ta kuma san halin 'yan boko. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ka ce mata na daina ganin hanya, amma har yanzu ina jin sallama."

Ni ba zan iya isar da wannan saƙo ba. In Inna ta san na sani, kunyar za ta zama biyu. Saboda haka ga yadda nake ganin za a yi. Ranar Asabar bayan kun karya kumallo, ka ajiye wayarka da tsarinta a aljihu. Ka tsokane ta, ka ce wace irin amarya ce wannan da ba ta da kowa a birni da za ta nuna wa angonta. Ka ba ta lokaci, kada ka cika shirun da surutu. In ta ambaci Dije da bakinta, alhamdu lillahi, ka yi kamar yau ka fara jin sunan. In ta kasa, ka ce kana da gaisuwa a wani gida a gindin Dala, su raka ka. Ba ƙarya ka yi ba, ni na aike ka. In kun isa, kai ka yi sallama a zaure, ka bar Talatu ta riƙe mata hannu su shiga. In Dije ta ce sai sun kwana, su kwana. In Lahadi ta ƙare a ɗakin nan ba ku ga marina ba, ba ku ga Kurmi ba, ka sani tafiyarka ta yi kyau. Ganuwa ta yi ɗaruruwan shekaru tana jira, za ta iya ƙara mako guda. Zumunci kuwa a ƙafa yake, kuma cikin duk ziyarar da ka rubuta babu wadda ta kai wannan lada.

Saura magana ɗaya. Ka ce ka tanadar mini kujerar gaba, za mu tafi tare. Na gode, Allah ya yi maka albarka, kuma wallahi ina son zuwa. Amma ba zan je ba. In ina cikin motar nan Inna za ta koma magana da taga. In ina zaure, za ta gaisa da Dije a taƙaice ta miƙe, don kada a ɓata wa Hedimasta lokaci. Ka ba Gwoggonka kujerar. Ni zan raka ku tasha in ɗora kaya, in ce ina da taron kwamitin masallaci, wanda kuwa akwai shi.

Abin da nake roƙonka shi ne ka buɗe kunnenka daga zaure. Shekarata sittin da shida, ban taɓa jin uwata ta saki murya tana hira da dariya yadda Talatu ke ba ni labari ba, domin da na shigo take yin shiru. Kada ka ɗauka a waya, ba mutunci ba ne. Ka ɗauko mini a ka. In kun dawo ka same ni a zaure ka ba ni labarin duka, abin da ta ce da abin da aka ce mata, ko da zai kai mu la'asar. Ranar zan daure in zauna, ba zan tambaye ka ko ka ci abinci ba sai ka gama.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba direba natsuwa, ya ƙara wa Inna ƙarfin gwiwa, ya sa ku tarar da Dije cikin rai da lafiya. Kai kuma Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya ba ka masu yi maka fiye da abin da kake yi mana. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.